Biyar ta Albasa a Hannun Surukina

Wasan ya shigo Taloka a cikin akwatin katako, naɗe da bargon soja. Ɗan gwaggona ne ya zo da shi, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Ya tafi yana manomi kamar kowa, ya dawo da igiya biyu a hannun riga, sai gari duka ya koma kiransa Kofur, har uwar da ta haife shi. Bayan an gama yaƙi an sa shi gadin fursunonin Japan wata da watanni, kuma a wurinsu ya koyi wasan, wai shi majan. Yadda akwatin ya bar hannunsu ya shiga nasa, ya ba mu labari iri uku, ban gaskata ko ɗaya ba.

A cikin akwatin akwai ƙwayoyi na ƙashi, kowace kamar babban yatsa, da zane a fuska ɗaya. Mun ba su sunayen da bakinmu zai iya. Masu da'ira muka ce albasa, don kamar an yanka albasa aka jera. Masu sanduna muka ce kara. Masu rubutun Japan muka ce rubutu. Kowane iri yana tafiya daga ɗaya zuwa tara, kuma kowace ƙwaya guda huɗu ce. Akwai wasu marasa lamba, kamar ja da muke kira tsire da fara sol da muke kira wankakken allo. Ƙwaya ɗaya ta ɓace wa Kofur a jirgin ruwa, biyar ta albasa, sai mahaucin garinmu ya sassaƙa mana wata da ƙashin sa. Ta fi sauran kauri, kuma rawaya ce, ko daga baya ana gane ta. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Mutum huɗu ke yi. Ana gina ganuwa da ƙwayoyin a kife, kowa ya ɗauki goma sha uku ya tsayar a gabansa yadda shi kaɗai ke gani. In yinka ya zo, ka ɗauki ɗaya daga ganuwa, ka jefar da ɗaya a gabanka a fili. Abin da ake nema shi ne hannu ya haɗu uku-uku, ko iri ɗaya ko masu bin juna, da biyu masu kama. Wanda ya rage masa ƙwaya ɗaya yana iya ajiye tsinke a gabansa don kowa ya sani. In wani ya jefo wadda yake jira, sai ya ce "Kawo!" ya kifar da hannunsa a gani.

Limami ya zo ya duba da kansa. Ya tambaya ko ana ajiye anini, aka ce a'a. Ya ce muddin ba kuɗi, kuma ba a barin la'asar ta wuce, bai ga abin hani ba, bai kuma ga abin amfani ba. Da yake wasa ba tara ba ya daɗi, muka yanke tamu. Dukanmu muna da lambun albasa a fadama, kowa da jigonsa na ɗebo ruwa. Wanda ya ɗauko ƙwayarsa daga ganuwa ya ci, rabonsa ne, ba a bin kowa komai. Amma wanda ya jefa wa wani ƙwayar ci, washegari da safe zai ja guga sittin a lambun wanda ya ci, a gaban duk mai zuwa fadama.

Ni na rubuta dokokin, don ni kaɗai na yi elemantare a Wurno, shekara uku, kafin mahaifina ya maido ni gona. Na sa su a littafi, kowace da lambarta, kuma ni nake tsare su. Wata rana mahauci ya faɗi wasa yana da maruru a hammata, ya roƙa a rage masa zuwa arba'in. Na ƙi. Na je na tsaya a kansa na ƙirga har sittin, yana ja yana zagina.

Ni kuwa rani biyu ana wannan wasa ban taɓa jan guga a lambun wani ba. Ba sa'a ba ce, tsari ne, kuma yana shafin ƙarshe na littafin. Na farko, abin da mutum ya jefar da hannunsa ba ya ci da shi, haka dokar take, saboda haka in wani ya ajiye tsinke, sai in duba gabansa in jefa irin abin da ya zubar. Na biyu, abin da wani ya jefa bayan tsinke ya wuce lafiya, shi ma ya zama lafiyayye. Na uku, tsire ko allo, in uku sun riga sun faɗi ƙasa, na huɗun ba ya cizo. Na huɗu, tsakiya ita ce wuta, wato huɗu da biyar da shida, bakin layi ya fi sanyi. Na biyar yana da ɗan tsawo. Mai jiran biyar, in uku da huɗu yake riƙe da su, to yana jiran biyu ma, in kuma shida da bakwai ne, yana jiran takwas. Na shida shi ne babba. In hannunka bai kusa ba, rusa shi, ka zubar da mai kyau da marar kyau, kai dai ka kai la'asar da kafaɗarka lafiya.

Gaskiya ne ban cika ci ba. Kofur, da yake taubashina ne, ba ya raga mini.

"Kai ba wasa kaka yi ba, ɓuya kaka yi," in ji shi. "Da kai anka kai Bama, da hal yau kana cikin rami."

"Da ina raye dai," na ce. "Lambun wa za ka ba ruwa gobe?"

A rani na uku surukina ya zo daga Rara, ya ga jikansa, ya kuma nemi irin albasa. Dattijo ne mai farin gemu da ake tashi tsaye in ya shigo, amma yana da lalura ɗaya, ba ya iya ganin ana wasa ya wuce. A Rara, in ji shi, ba wanda ya taɓa cinsa a dara. Kwana biyu yana zuwa gindin tsamiyar da muke zama bayan azahar, yana tsayawa da sanda yana kallon tsohon ƙyauren da muke shimfiɗawa mu yi wasa a kai. A rana ta uku mahauci ya tafi Goronyo sayen awaki, wurinsa ya zama fili.

Matata ta san ubanta. Da ta kawo mini fura da rana, ba ta ajiye ƙwaryar ba sai da ta gama magana.

"Malam, Baba za shi zamna wurin wasan nan naku yau, na gani ga idonai."

"Ba ni iya hana shi," na ce.

"Ban ce ka hana shi ba. Ni dai ka ji. In ubana yaj ja guga ko ɗaya ga lambun wani, mutane na kallo, to jakin da za shi kai shi Rara da ni za shi tahi. Ka zamna kai da littahinka."

Ba mai yawan magana ba ce, kuma ban taɓa jin ta faɗi abu ta fasa ba.

Muka zauna, ni da Kofur da wani Basarke mai kamun kifi a gulbi da ba ya magana sai dole. Surukina ya tattara rigarsa ya zauna a wurin mahauci, a haguna, wato daga yinsa sai nawa. Ni dai kaina yana ƙasa, don ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda yake ba. Kafin a fara ya ce a karanta masa dokoki. Na karanta a hankali. Da na zo kan guga sittin sai na yi sauri, ya ce in maimaita.

"Madalla," ya ce. "An ce mani kai ne ba ka ragin ko guga ɗaya. Haka aka son namiji."

Zagayen farko Allah ya rufa asiri, ganuwa ta ƙare ba wanda ya ci. Amma na ga abin da ya tayar mini da hankali. Surukina ba ya duba gaban kowa. Ƙwayar da ta yi masa muni a ido ita yake jefarwa. Lamba ɗaya ta kara tana da hoton tsuntsu, ya riƙe ta tun farko har ƙarshe, wai ta yi kama da zabuwarsa.

A zagaye na biyu, ba a yi nisa ba, Kofur ya ciro tsinke daga bayan kunnensa ya ajiye a kan ƙyaure.

"Bisimilla, Baba," ya ce. "A jeho a hankali, lambuna na jin ƙishi."

Na duba hannun surukina daga baya, sai ga ƙwayar mahauci, rawaya, mai kauri, tsaye a ƙarshen layinsa. Na duba Kofur, shi ma ita yake kallo, har yana haɗiyar miyau. Na duba gabansa, ya zubar da kara, ya zubar da rubutu, albasar tsakiya ko ɗaya bai zubar ba. Biyu daga cikin biyar ɗin albasa sun faɗi tun kafin Kofur ya shirya, ɗaya tana wani wuri a ganuwa, ta huɗun ga ta a hannun uban matata.

Na yi tunani bi da bi. Ba zan iya yi masa magana ba, don doka ta tara ta hana magana a kan hannun wani, kuma ni na rubuta ta. Ba zan iya yi masa ido ba, don ba na kallon idonsa. Hanya ɗaya ta rage, in riga shi faɗuwa. In ni na jefa wa Kofur ƙwayar ci, ni zan ja guga, zagaye ya ƙare, la'asar ta yi, kowa ya tashi. Sunan da na tara rani biyu zai zube, amma matata za ta kwana a ɗakinta.

Sai na juya shafin ƙarshe na littafina a zuci, na karanta shi daga ƙasa zuwa sama. Ina da albasa huɗu a hannu, biyu da huɗu da shida da takwas. A ka'ida ta biyar, mai jiran biyar yana iya jiran biyu. Na zaro biyu, na jefa.

Kofur ya dube ta, ya dube ni. Ba ita yake jira ba.

"Lahiya?" in ji Basarke. Wannan ce maganarsa ta farko tun azahar.

Yi ya zagayo. Surukina ya ɗauki ƙwaya, ya ɗora yatsa a kan rawayar, ya shafa ta. Na yi tari.

"Mura ta, ɗana?"

"A'a, Baba."

"Ka sha citta."

Ya ɗauke yatsan ya jefa wankakken allo, wai ba a gama yi masa zane ba. Na ja numfashi. Na ɗauki tawa, na jefa takwas ta albasa, har da ɗan turawa gaban Kofur don ya gani da kyau.

"Kai, wa yac canza muna mutum?" Kofur ya ce. "Ɗan rami ya hito! Ka yi ta jehowa, ba ita ba ta."

Nan na gane huɗu da shida yake riƙe da su, ba abin da zai shiga tsakaninsu sai biyar. Ba ni da ita. Duk da haka yi na gaba na jefa masa biyar ta kara, ko da idona ya yi mini ƙarya. Ta wuce lafiya. Rani biyu ina gudun wuta, ranar da na neme ta da gangan ta ƙi kama ni.

Sai na duba hannuna, abin da ban cika yi ba in akwai tsinke a ƙasa. Da yake ban rusa shi ba, ƙwayoyin da na yi ta ɗauka sun cike gurabe ba da sanina ba. Komai ya haɗu. Abin da ya rage mini huɗu da shida na albasa, ina jiran biyar, daidai da Kofur.

Ban gama mamaki ba surukina ya ɗaga rawayar sama, ya juya ta a rana.

"Wagga ko wane makaho yas sassaƙa ta? Ta ɓata mani layi."

Ya jefa ta a tsakiyar ƙyaure.

Doka ta sha ɗaya ta ce in mutum biyu suna jiran ƙwaya ɗaya, wanda yinsa ke bin na mai jefawa shi ya ci. Na ga bakin Kofur ya buɗe. Lissafina a lokacin gajere ne. In tarar ta zama ta Kofur, ba zai yafe ba ko sama za ta faɗo. In ta zama tawa, sai in yafe. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban surukina ba, na kwatsa ihu har tsuntsaye suka tashi daga tsamiya.

"Kawo!"

Na kifar da hannuna. Kofur ya kifar da nasa, ya tashi tsaye.

"Ba ka aje tsinke ba!"

"Doka ta huɗu, tsinke ba tilas ba ne."

"Ni nik koya maka wasan ga!"

"Ni na rubuta shi. Sha ɗaya, karanta, in ka iya."

Ya zauna. Ya dubi ƙwayoyina, ya dubi dattijon, sai ya gane wanda na ci. Dariya ta kama shi har ya kwanta a ƙasa yana dukan ƙyaure.

"Jama'a ku zo! Ya ci surukinai! Gobe a zo fadama da wuri!"

Na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Baba, na yahe. Ba komi. Wasa na."

"Mi ka yahe?"

"Gugan, Baba."

"Wace lamba ta cikin littahin, yahewa?"

"Babu, Baba."

"Ba kai ne kat tsaya bisa mahauci da maruru ba? Hal Rara munka ji labarin, nay yi ta yabonka. Yanzu ni za ka maishe wanda ba shi biyan tara? Gobe bayan asuba ka nuna mani jigonka."

Da na koma gida labari ya riga ni. Matata ta ajiye mini tuwo, ta koma ta fara ninke zannuwanta tana sawa a kwando, ɗaya bayan ɗaya, a inda zan gani.

Na buɗe littafin bayan la'asar na karanta daga ɗaya har ƙarshe, na sake karantawa. Ba yafewa, ba ragi, ba wakili, ni da kaina na toshe kowace kafa. Na yi tunanin in sare jigon, na tuna doka ta bakwai ta ce in jigo ya karye a ari na maƙwabci. Sai na koma kan maganar matata. Ta ce lambun wani. Dokar kuwa ta ce lambun wanda ya ci, ba ta ce komai ba a kan abin da mai lambun zai yi da lambunsa kafin a fara ja.

Da safe fadama ta cika. Har masu wanki a bakin gulbi sun bar wankinsu. Surukina ya zo ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan darni, ya naɗe hannun taguwa. Lambun nan shi ne mafi kyau da na taɓa yi, fangali arba'in, albasa ta fara ƙwai, ganye shar. Kafin ya kama igiya na kira Kofur da Basarke su matso.

"Ku shaida," na ce, kaina a ƙasa. "Albasar da ke cikin lambun ga, tun daga kan jigo hal darni, na ba Baba kyauta, bana duka. Lambunai na."

Na yi zaton zai ƙi sau biyu ko uku, kamar yadda ake yi, in sami lokacin haɗiye abin.

"Na karɓa," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Ya kama igiya ya ja guga ɗaya, ya juye a magudana. Mutum yana ba lambunsa ruwa, ba abin kallo a ciki, masu wanki suka fara komawa. Ya ja na biyu. A na uku ya dafe ƙugu.

"Ɗana, lambun wa kac ce?"

"Naka, Baba."

"Littahinka ya hana a taya tsoho aiki cikin lambunai?"

Na yi tunani daga doka ta ɗaya har ta ƙarshe. Tara ba ta da wakili, amma taya suruki aikin gonarsa ba ya cikin littafin, ya girmi littafin.

"Bai hana ba, Baba."

Ya miƙo mini igiya. Kofur ya nemi dutse ya zauna, ya gyara hula, ya fara ƙirgawa da ƙarfi daga huɗu. Mahauci ya dawo daga Goronyo a daidai talatin, ko awakinsa bai kai gida ba, ya ɗaure su a darni ya zo ya taya shi ƙirga. Sau biyu suna cewa sun rikice a koma baya.

Da na dawo gida na tarar an mayar da zannuwa cikin adaka. Matata ta dama mini fura da nono mai yawa, ta ce Baba ya ce in riƙa kula da fangalan gabas, ruwa ba ya isarsu sosai.

Ya koma Rara washegari, shi kaɗai a kan jakinsa. Lambun ya zauna a Taloka, kuma albasa ba ta san mai ita ya yi tafiya ba. Na ja mata ruwa safe da yamma har ta nuna, na haƙe, na shanya, na zuba a buhuna. Aka turo jakuna shida daga Rara suka kwashe. Mai jakunan ya sauke mini kwando ɗaya a ƙofar gida, ya ce Baba ya ce a ba mai ban ruwa, ya yi ƙoƙari, kuma yana tambaya ko har yanzu ana wasan, don ya gano inda ya yi kuskure.

Ranar na ƙara ka'ida ta bakwai a shafin ƙarshe: in mahauci zai yi tafiya, a rufe akwati sai ya dawo.